Daga Kasuwar Alƙalawa Zuwa Filin Baje Koli: Dandali da Zaure a Tarihin Cinikin Gobir

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya je kufan Alƙalawa a yau, can a gefen Gulbin Rima cikin ƙasar Sabon Birni, abin da zai tarar shi ne gonaki da tuddan ganuwa da kaburburan sarakuna. Ba rumfa, ba zango, ba mahauta. Amma kuwa jikokin mutanen da suka ci kasuwar wannan birni har yanzu suna nan suna fatauci tsakanin Sabon Birni da Isa da Shinkafi da Maraɗi da Kano, wasunsu ma har Makka da Dubai da ƙasar Sin. Watau dai kasuwar ta mutu, cinikin bai mutu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin dalilin haka. Za a nuna cewa tun fil azal cinikin Bahaushe yana da mazauni biyu: akwai dandali, inda ake baje haja a bainar jama'a, akwai kuma zaure, inda ake ƙulla ciniki tsakanin waɗanda suka san juna. Za a bi waɗannan biyu tun daga zamanin Alƙalawa har zuwa bukukuwan baje koli na zamaninmu, waɗanda 'yan kasuwa da yawa suke kukan cewa amfaninsu ya ragu. Daga ƙarshe za a duba ko wane ne yake yin asara idan dandali ya mutu aka bar zaure shi kaɗai.

2.0 Abin da Harshe Ya Adana

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a saurari harshen kansa, domin kalmomin ciniki na Hausa sun rabu gida biyu. Kashi na farko kalmomin dandali ne: kasuwa (ko kassuwa, a bakin Gobirawa da Sakkwatawa), rumfa, koli, tayi, albarka, sallama, gyara. Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa ita kalmar kasuwa ta shigo Hausa ne ta hannun Barebari, asalinta kuma Larabci ne. Shi kuwa baje koli, kafin ya zama sunan bikin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke shiryawa shekara-shekara, aikin ɗan koli ne, mai shimfiɗa allura da zare da madubi da tozali a kan tabarma. Ƙaramin ciniki ne na hannu da hannu, a biya a tashi.

Kashi na biyu kalmomin zaure ne: fatauci, farke, madugu, zango, fatoma, mai gida, yaro, dillali, la'ada, lamuni, amana. Abin lura a nan shi ne, kusan kowace ɗaya daga cikinsu dangantaka take nunawa tsakanin mutum da mutum. Ba a zama mai gida sai da baƙo, ba a zama yaro sai da ubangida, ba a yin lamuni sai tsakanin mutum uku. Dillali da la'ada da amana duk daga Larabci suke, abin da yake nuna irin cuɗanyar wannan tsari da Musulunci da hukunce-hukuncensa na saye da sayarwa. Saboda haka harshe ya riga ya ba mu amsa a taƙaice: ƙaramin ciniki na dandali ne, babban ciniki kuwa, wanda yake buƙatar bashi da jira da nisan tafiya, na zaure ne.

3.0 Alƙalawa: Kasuwa a Inuwar Sarauta

Gobirawa sun gangaro ne sannu a hankali daga arewa, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, har suka shigo kwarin Rima, wanda a lokacin yake hannun Zamfarawa. Ruwayar baka ta ce a gonar Alƙalin Zamfara aka sauke su, daga nan ne wurin ya sami sunan Alƙalawa. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin yankin. Garba Nadama a bincikensa na 1977 kan Zamfara, da Abdullahi Rafi Augi a nasa na 1984 kan Gobir, duk sun yi bayanin wannan sauyi da irin jama'ar da ya jawo zuwa kwarin.

Mazaunin birnin ya dace da ciniki. Daga arewa Buzaye suna saukowa da gishiri da dabino da raƙuma, suna neman hatsi da tufafi. Fadamun Rima suna ba da dawa da shinkafa da albasa da kifi, makiyaya kuma suna kawo shanu da fatu. Ta gabas akwai Katsina, wadda a ƙarni na 18 ita ce babbar tashar fataken Sahara a ƙasar Hausa. Ta yamma da kudu kuma akwai Kabi da Yawuri da Nufe da hanyar Gwanja, inda goro yake fitowa. Ba a raba ciniki da yaƙe-yaƙen da Gobir ta yi da Katsina da Zamfara da Kabi, har zamanin Bawa Jan Gwarzo da magadansa, domin wanda ya riƙe hanya shi yake karɓar fito.

To, a nan ne ƙarfin dandali da rauninsa suke haɗuwa. Kasuwar birni ta sarki ce. Shi yake tsare hanya, shi yake naɗa sarkin kasuwa da sarkin pawa da sarkin dillalai, alƙalinsa kuma yake raba gardama. Amma hannun da yake tsarewa shi ne yake ɗiba. A cikin Kitab al-Farq Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa al'adun sarakunan Hausa da ya ƙi, ya kira su da sunayensu na Hausa. Daga ciki akwai tawasa, naman da ake karɓa daga mahauta ran kasuwa. Da agama, abin da ake ɗiba daga auduga da sauran hajar da aka kasa. Da kamuwa, watau kama dabbobin dakon mutane a yi wa sarki aiki da su. Ga kuma jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Haka nan, cikin buƙatun da Shehu ya gabatar wa Bawa a Magami a wajen 1788, akwai sassauta wa talakawa haraji.

Wannan jeri yana koya mana abu guda muhimmi. Duk abin da aka baje a fili, idon mai mulki yana kansa. Naman da aka rataye a mahauta da audugar da aka tara a rumfa ba su ɓoyuwa. Amma ƙwaryar goro ɗari da aka sauke a ɗakin ajiyar fatoma, aka sayar da ita bashi a cikin zaure, sai wanda aka gaya wa ne zai sani. Tun a wancan zamani ke nan babban farke yana da dalilin da zai sa ya fi son zaure.

4.0 Faɗuwar Birni da Watsewar Kasuwa

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, aka sake haɗuwa a Tsuntsuwa, dab da Alƙalawa, a ƙarshen shekarar. Bayan hare-hare da ba su yi nasara ba, jama'ar Shehu ƙarƙashin Muhammadu Bello suka ci birnin a Oktoban 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Daga wannan rana Alƙalawa ba ta sake zama gadon sarauta ba. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka yi ta sauya mazauni, har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wadda Katsinawan da suka yi gudun hijira suka riga suka zauna. A rabin ƙarshe na ƙarnin ne Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta zama ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗi masu tsaron gabashin Sakkwato.

Watau ƙasar da take cibiya ta koma bakin daga. Ba Gobir kaɗai abin ya shafa ba. Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1851 da 1853, ya tarar da Katsina ta zube, manyan fatake sun koma Kano saboda hare-haren Maraɗi da Gobir. Ya ƙiyasta tufafin da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. A yamma kuma Jega ta tashi ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. Shugabannin Daular Usmaniyya sun san cewa kasuwa ba ta ci sai da kulawar hukuma: Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji Usul al-Siyasa, inda ya hore shi da raya masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi, aka kuma naɗa muhtasibi mai duba mudu da ma'auni a Sakkwato. Sai dai dandalin da aka raya sabo ne, a wani wuri dabam. Na Alƙalawa ya tafi tare da sarautar da ta haife shi.

5.0 Zaure: Yadda Amana Ta Yi Tafiya

Me ya sa fatauci bai faɗi tare da birnin ba? Amsar tana cikin yadda aka gina shi. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa akasarin wannan ciniki a ƙarni na 19 yana hannun rukunoni uku ne: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Dukansu baƙi ne da suka zama Hausawa, suna auratayya a tsakaninsu, suna gadar wa 'ya'yansu jari da abokan ciniki tare. Ayari yana tashi ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da sha'anin fito da sarakunan hanya, ga kuma malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Tafiya zuwa Gwanja da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara.

A kowane zango akwai mai gida. Aikinsa ya wuce ba da masauki. Shi yake ajiye kayan baƙo, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa a gaban sarki, sa'an nan, wanda ya fi duka, ya lamunci bashin. In mai saye ya gudu, mai gida ne zai biya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jarin mai gida na gaskiya sunansa ne. Ran da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga ayari isa zango na gaba, zaurensa ya zama kango.

Irin wannan jari ba ya ƙonewa idan an ci gari da yaƙi. Ana ɗaukarsa a ka, a sauke shi a wani wuri. Misali mafi bayyana shi ne na Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja, wadda yaƙin basasa ya tarwatsa a 1892. Masu gidajen Salaga suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, baƙinsu suka bi su, goro ya ci gaba da zuwa ƙasar Hausa. Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi sawun irin waɗannan zangogi tun daga Gwanja har Adamawa. Shi ma Abner Cohen, da ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya tarar ana sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takarda ba sa hannu, sai dai lamunin mai gida da sanin da dillalai suka yi wa kowane mahauci. Littafinsa ya fito a 1969.

Tarihin Alhassan Ɗantata (1877–1955) ya tattara dukan wannan. Ba'agale ne daga Bebeji, ya koyi fatauci a hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, sai suka tarar ba su da hanyar kaiwa ga manomi sai ta hannun irin su Ɗantata, masu yara a kowane ƙauye, waɗanda za a ba su kuɗi tun kafin kaka a kuma tabbata za su kawo kaya. Zaren da aka saƙa domin goro shi ne ya ɗauki gyaɗa.

6.0 Iyaka, Jirgi da Alhazan Maraɗi

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Gobir biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransawa, Sabon Birni da Isa suka zauna a hannun Ingilishi. Da layin dogo ya kai Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatun yankin suka karkata kudu, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta ƙara haɓaka har ta zama matattarar mutanen Isa da Sabon Birni da na ƙetaren iyaka.

Ita iyakar kuwa, wadda aka shata domin ta raba, sai ta zama abin ciniki. Kuɗi biyu ne, doka biyu, farashi biyu, amma dangi ɗaya ne a kowane gefe. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda attajiran garin suka tashi daga sayen gyaɗa suka koma shigar da taba sigari da atamfa da sauran kaya Nijeriya, musamman daga lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ginshiƙin wannan ciniki shi ne dangantakar ubangida da baransa, da abotar attajirin Maraɗi da takwaransa na Kano ko Katsina. Mutanen Maraɗi suna kiran wannan arzikin mutane, suna kuma ganin shi ne tushen arzikin kuɗi. An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, haka kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Nijar. A kowane karo kasuwannin bakin iyaka su suka fara jin jiki. Mai ubangida kuwa yakan sami hanya.

7.0 Baje Kolin Zamani

Bikin baje koli irin na zamani baƙo ne a ƙasar Hausa. A Turai ya samo asali daga manyan kasuwannin shekara-shekara, irin na lardin Shamfan a Faransa, inda a ƙarni na 12 da na 13 ake cin kasuwa shida a garuruwa huɗu, fataken Italiya suna haɗuwa da masaƙan Filandas. Da aka shiga ƙarni na 14 sai suka dusashe. Yaƙi da sauyin sarauta sun taimaka, jiragen ruwa kuma sun buɗe wata hanya; amma babban dalili shi ne attajiran Italiya sun zaunar da wakilansu a garuruwan ciniki, suna aika wasiƙa da takardar bashi maimakon su tafi da kansu. Zaure ne ya ci dandali, kamar yadda ya faru a wurinmu. Daga baya bikin ya sake fitowa da wata kama: babban nunin Landan na 1851, sa'an nan na Laifzig a Jamus, wanda daga 1895 ya koma nuna samfur maimakon sayar da kaya. A nunin Daular Ingila na Wembley a 1924 an gina wa Afirka ta Yamma birni mai ganuwa irin ta ƙasar Hausa, aka kai masu sana'a suna aiki ana kallonsu.

A Nijeriya an fara babban baje kolin Legas a 1977, na Kaduna kuma a 1979, a tsakiyar arzikin man fetur. A lokacin bikin yana da abin nunawa. Kaduna tana da masaƙu tun daga 1957, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, Kano cike take da masana'antu a Bompai da Sharaɗa, Gusau tana da masaƙa, Sakkwato tana da siminti a Kalambaina. Mai masana'anta yana neman wakili, ɗan kasuwa yana neman kamfanin da zai wakilta, kuma ba su da wata hanyar ganin juna da ta fi wannan fili sauƙi.

Abubuwa uku suka rage masa daraja. Na farko, masana'antun sun durƙushe, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 har zuwa rufe manyan masaƙun Kaduna a shekarun 2000. In ba a ƙera ba, me za a baje? Na biyu, kayan da suka maye gurbinsu daga waje suke zuwa, attajiran Kantin Kwari da na Maraɗi kuma da kansu suke zuwa Dubai da Gwanzu. Ko a can, ko da yake birnin Gwanzu yana da shahararren baje kolinsa tun 1957, ɗan kasuwarmu ya fi dogara ga ɗan'uwansa mazaunin garin, mai jin harshen Sin, wanda zai sauke shi, ya kai shi masana'anta, ya duba kaya, ya loda kwantena. Wannan fatoma ne, sai dai zangon ya yi nisa. Na uku, wayar salula ta shigo a 2001, daga baya WhatsApp ya sa ana ganin samfur a tafin hannu, 'yan canjin Wapa kuma suna isar da kuɗi inda ake so. Sakamakon haka, mai zagaya filin baje koli a yau zai ga rumfunan hukumomin gwamnati da bankuna, da masu sayar da turare da tukwane da magungunan gargajiya. Bikin ya koma ga ma'anar sunansa ta asali, watau kasuwar 'yan koli. Ba mu kaɗai ba ne: nunin kwamfuta na CeBIT a Jamus, wanda ya tara mutum fiye da 800,000 a 2001, an daina shi a 2018.

Ko a lokacin da bikin yake ganiyarsa, 'yan kasuwa sun san cewa a rumfa gaisawa kawai ake yi. Maganar kuɗi sai an koma masauki da dare, ko a gidan wani Alhaji da ya san ɓangarorin biyu. Abin da ya sauya shi ne, a da sai an bi ta rumfa ake isa zaure, yanzu kuwa ana isa ba tare da ita ba.

8.0 Wa Ya Yi Asara?

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai iya cewa to, a bar dandali ya mutu mana, tun da zaure ya isa. Halin da gabashin Sakkwato ya shiga ya nuna kuskuren wannan magana. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi. A Satumban 2021 gwamnatocin Zamfara da Sakkwato suka hana cin kasuwannin dabbobi na mako-mako a yankunan da abin ya shafa, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A Oktoban wannan shekarar aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle a ƙasar Sabon Birni, aka kuma kai wani kasuwar Goronyo, inda aka kashe mutum fiye da 40. Tazarar mil kaɗan daga kufan Alƙalawa, bayan shekara fiye da 200, dandali ya sake watsewa saboda hukuma ta kasa tsare shi.

Akwai ayyuka uku da dandali yake yi waɗanda zaure ba zai iya ba. Na farko shi ne yanke farashi a bainar jama'a. Manomin da ya kai buhun gero Shinkafi yana jin tayin mutum goma kafin ya sallama. Wanda mai saye ɗaya ya biyo shi har gida a lokacin tsoro, abin da aka ba shi zai karɓa. Na biyu shi ne buɗe ƙofa ga wanda ba shi da kowa. Zaure yana da mai shi, ba a shiga sai da sallama, ba a kuma ba da bashi sai ga ɗan wane ko yaron wane. Kasuwa kuwa ta kowa ce: Bafillatana mai nono, da Buzu mai kanwa, da tsohuwa mai daddawa, da yaron da ya fara da tiren goro. Yawancin iyayen gidan da ake ji da su a rumfa wani ya fara ganin haƙurinsu da gaskiyarsu kafin ya jawo su. Idan dandali ya mutu, zaure ya rasa inda zai samo sabon jini, sai ya koma gadon 'yan gida kaɗai. Na uku shi ne shaida. Cinikin fili yana da idanu, ana iya duba mudu, ana iya gane saniyar sata. Sirrin da ya kare farke daga agama da tawasa shi ne kuma yake ɓoye kayan sata da na fasa-ƙwauri, domin amana tsakanin mutum biyu ba ta tabbatar da cewa na ukunsu bai cutu ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa raguwar darajar filin baje koli ba sabon abu ba ne. Kasuwar Alƙalawa ta tafi a 1808, ta Katsina ta zube a ƙarni na 19, ta Salaga ta watse a 1892, bukukuwan da aka kafa a 1977 da 1979 kuma sun rasa masana'antun da aka kafa su dominsu. A duk waɗannan lokatai fatauci ya tsira ne ta hanyar madugu da mai gida da dillali da yaransu. Dandali yana rayuwa da zaman lafiya da adalcin hukuma da abin da ƙasa take samarwa, shi ya sa yake saurin mutuwa. Zaure yana rayuwa da amana, shi ya sa yake jure ƙaura.

Saboda haka masu shirya baje koli za su amfana idan suka daina auna nasara da yawan rumfuna, suka mai da hankali ga aikin fatoma: tantance wanda ya zo, da haɗa shi da wanda yake nema, da tsaya masa bayan an tashi. Hukumomi kuma su sani cewa tsare kasuwar Sabon Birni da ta Isa da ta Shinkafi ran da suke ci ya fi wa talakan Gobir amfani bisa ga kowace rumfa da za a ƙawata da sunan jiha a Kaduna. Ga ɗaliban harshe da tarihi kuwa akwai aiki na gaggawa. Tsofaffin dillalai da masu gidajen baƙi na wannan yanki, waɗanda suka riƙe kalmomin ciniki na Gobirci da sunayen zangogi da tsatson iyayen gidansu, da yawansu suna zaman gudun hijira a Sakkwato da Maraɗi da Gidan Rumji. Ya kamata a je a ɗauki abin da yake bakinsu tun suna raye.